Tambayoyinku: Kwalin Magani, Wayar Hannu da Harshen da Ke Jikin Takarda

Saƙonnin da suka zo mana a wannan watan galibinsu a kan magani suka tsaya: wa ke gwada shi, yaya za a gane na jabu, da yadda za a karanta takardar da ke cikin kwali alhali ba da harshen mutum aka rubuta ta ba. Wani masanin harhaɗa magunguna da wata malamar harshe ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an janye wani maganin gyambon ciki daga kasuwa bayan an shafe shekaru ana shansa. In hukuma ta gwada shi tun farko har ta ba shi lamba, me ya sa daga baya za ta ce yana da illa? Ko dai ba a yin gwajin ne? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da alama ranitidine kake nufi, wanda hukumomin Amurka da na Tarayyar Turai suka dakatar a 2020. Ana yin gwajin, sai dai kowane gwaji yana da iyakarsa.

Kafin a ba sabon magani izini, sai ya bi matakai uku a jikin mutane. A na farko ana ba mutum 20 zuwa 100, yawanci masu lafiya, don a ga yadda jiki ke karɓarsa da yadda yake fitar da shi. A na biyu ana ba marasa lafiya 'yan ɗaruruwa, a nemo adadin da ke aiki. A na uku adadin kan kai ɗaruruwa zuwa dubu uku ko fiye, ana kwatanta maganin da wani tsoho ko da ƙwayar da babu komai a cikinta. Sai hukuma ta karanta sakamakon, ta aika masu bincike su duba masana'antar, sannan ta yanke hukunci.

To ga inda gizo ke saƙar. A ce akwai illar da ke samun mutum ɗaya cikin 10,000. Lissafi ya nuna sai an ba mutum kusan 30,000 maganin kafin a samu tabbacin kashi 95 cikin ɗari cewa za a ci karo da ita ko da sau ɗaya. Gwajin mutum dubu uku zai iya ƙarewa lafiya lau ba a gan ta ba. Ga shi kuma ba a cika sa masu ciki, ƙananan yara da tsofaffi masu shan magani biyar ko shida a irin wannan gwaji ba, kuma a 'yan watanni ko 'yan shekaru ake kammala shi. Shi ya sa maganin ciwon gaɓɓai na rofecoxib, wanda aka sayar da sunan Vioxx, ya samu izini a 1999 amma aka janye shi a 2004, da aka gano yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu daɗewa suna shansa.

Matsalar ranitidine daban ce. An gano wani sinadari mai suna NDMA a cikinsa, wanda ake zargin yana jawo ciwon daji, kuma yawansa na ƙaruwa in maganin ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi.

Dokokin nan kansu daga asarar rayuka aka samo su. A 1937 wani kamfani a Amurka ya narkar da maganin sulfanilamide a cikin wani sinadari mai guba, diethylene glycol, ya sayar, mutum fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara. A 1938 aka yi dokar da ta wajabta nuna cewa magani ba ya cutarwa kafin a sayar. Sai kuma thalidomide, da aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957, mata masu ciki suna sha don laulayi. An janye shi a 1961, amma ya jawo haihuwar jarirai sama da 10,000 da nakasa, galibi ta hannu da ƙafa. Wata likita a hukumar magunguna ta Amurka, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu a kansa saboda ba ta gamsu da hujjojin kamfanin ba, wannan ya tsare yara masu yawa a can. Bayan haka ne aka ƙara sharaɗin tabbatar da cewa magani yana aiki a 1962, Birtaniya ta fara tsarin Yellow Card na kai rahoton illa a 1964, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa nata shirin sa ido a 1968. Saboda haka in ka ji an janye magani, sa idon da ake yi bayan ba da izini ne ya yi aikinsa. Abin tsoro shi ne ƙasar da ba a taɓa jin an janye komai ba.

Tambaya: Ana cewa a kankare wani wuri a jikin kwali a tura lambar ta waya. Na yi, aka ce maganin na gaske ne. Wannan ya isa in saki jiki? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yar'uwa, kin yi daidai da kika tura, amma amsar da kika samu tambaya ɗaya kawai ta warware.

Ga yadda abin ke aiki. Kamfani na buga wa kowane kwali lamba tasa shi kaɗai, ya rufe ta da azurfar nan irin ta katin waya, ya ajiye jerin lambobin a rumbun kwamfuta. In kin tura, kwamfutar ta duba ko lambar na cikin jerin da kuma ko an taɓa turo ta. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta fara wannan tsari a Nijeriya a 2010, an fi ganinsa a kan magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. A Tarayyar Turai tun Fabrairun 2019 ana buga wani ɗan murabba'i mai ɗigo-ɗigo a kwalin magungunan da sai likita ya rubuta, mai ba da maganin ya haska shi da na'ura kafin ya miƙa. A cikin murabba'in akwai lambar maganin, ranar ƙarewar wa'adi, lambar zubi da lambar kwalin.

Kura-kuran da ake yi sanannu ne. Na farko, karɓar kwalin da aka riga aka kankare: ki kankare da hannunki a gaban mai sayarwa. Na biyu, tsayawa a kan kalmar farko ta amsar. Ki karanta saƙon har ƙarshe, ki tabbata sunan maganin da ƙarfinsa sun yi daidai da abin da ke hannunki, don ana iya ɓare tambarin magani mai araha a liƙa a kan na jabu mai tsada. Na uku ya fi ɓoyuwa: mai jabu zai iya buga tasa lambar wayar ko tasa mahaɗar intanet a kwali, ke ki tura, shi ya amsa miki da kansa cewa lafiya ƙalau. Maganin wannan shi ne a gwada gajeriyar lambar tura saƙo da ke kwalin da waɗanda hukuma ta wallafa a shafinta. In amsa ta zo cewa an taɓa amfani da lambar, kada ki sha, kada kuma ki jefar. Ki adana kwalin da rasit.

Lambar rajista ma haka take. Buga lamba a kwali ba ya yi wa mai jabu wuya. Yawancin hukumomi na da kundin magungunan da suka yi wa rajista a intanet, na NAFDAC ana kiransa Greenbook. Ki sa lambar, ki ga ko sunan da ya fito da kamfanin da ƙarfin maganin sun dace da na kwalinki.

Sannan a yi amfani da ido. Lambar zubi, wato wadda ake rubutawa da Batch ko Lot ko BN, ita ce ke nuna duk ƙwayoyin da aka haɗa a zubi ɗaya a masana'anta. Dole ta zama iri ɗaya a kwali da kan katin ƙwayoyin da ke ciki, haka ma ranar ƙarewar wa'adi. In sun saɓa, an yi canji. A duba kuskuren rubutu, launin da ya koɗe, ƙwayar da ke marmashewa ko ta manne da 'yar'uwarta.

Akwai abin da waya ba za ta taɓa gaya miki ba. Ba ta san ko maganin ya kwana a motar da rana ta gasa ba. Ba ta kuma san abin da ke cikin kwalbar ba in matsalar daga masana'anta ta taso. A Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan wasu magungunan tari da mura na ruwa guda huɗu bayan mutuwar yara kusan 70 a Gambiya, sannan irin haka ta bayyana a Indunisiya da Uzbekistan, jimillar yaran da suka rasu ta haura 300. Gubar ita ce dai ta 1937, diethylene glycol da 'yar'uwarta ethylene glycol. Ba su da launi, ba su da wari, ga ɗan zaƙi, suna shiga cikin glycerin ko propylene glycol da ake narkar da magani a ciki in an sayo mai araha ba a gwada ba. Ƙoda suke kashewa. Sai ɗakin gwaji ne ke gano su, shi ya sa sanarwar janye magani ke zuwa da lambar zubi. In yaro ya sha maganin ruwa sai amai da ciwon ciki suka biyo baya, fitsarinsa ya ragu ko ya ɗauke, a tafi asibiti nan take tare da kwalbar.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci. Minti biyun da za ki ɓata kina dubawa ba asara ba ne.

Tambaya: An rubuta EXP 06/2027. A farkon watan ne wa'adin ke ƙarewa ko a ƙarshensa?

Amsa: A ƙarshensa, har 30 ga Yuni. In kuwa an rubuta use before ko use by da wata kawai, a daina a ƙarshen watan da ya gabace shi. In ranar ta zo da lamba uku, a kula: Amurkawa wata suke fara rubutawa, don haka 03/08/2027 a wurinsu 8 ga Maris ne. Wa'adin kuma na kwalin da ba a buɗe ba ne, wanda aka ajiye yadda aka ce: ƙasa da digiri 25 ko 30 a ma'aunin Salshiyas, ko tsakanin 2 da 8 in na firji ne. Da zarar an buɗe, lissafi ya sauya. Maganin ɗigawa a ido galibi kwana 28 ne. Garin amoxicillin da aka zuba wa ruwa kwana 7 zuwa 14 ne, gwargwadon abin da kwalbar ta ce. Insulin da ya daskare ya lalace ko da ya narke ya yi kyau a ido. A rubuta ranar buɗewa a jikin kwalba da biro.

Tambaya: Ba na jin Turanci sosai, wani lokacin ma takardar da Faransanci take zuwa. Nakan haska ta da kyamarar waya manhaja ta fassara mini. Zan iya dogara da wannan wajen ba yarana magani? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya su. Manhajar za ta taimaka miki ki gane maganin na mene ne da yadda ake ajiye shi. Adadin da za a sha kuwa, kada ki ɗauke shi daga gare ta ita kaɗai.

Aiki biyu wayar ke yi a jere. Da farko tana mayar da hoto rubutu, sannan ta fassara rubutun. Kuskuren farko shi ya fi haɗari, domin takardar magani ƙananan haruffa gare ta, ga lanƙwasa. Ɗigon da ke cikin 2.5 zai iya ɓacewa ya koma 25. Alamar µg ko mcg za ta iya komawa mg, bambancinsu kuwa ninki dubu ne. Faransanci da waƙafi yake raba lamba, 0,5 mg rabin miligiram ne, alhali a Turanci 1,000 mg dubu ɗaya ne. A matakin fassara kuma ƙananan kalmomin hani ne ke salwanta, jimlar da ke cewa kada a ba yaro ta fito tana cewa a ba shi. Akwai kuma kalmomin da suka yi kama a harsuna biyu: once a Turanci sau ɗaya ne, a Sifaniyanci goma sha ɗaya ne.

In za ki yi amfani da ita, ki shimfiɗa takardar ta miƙe a wuri mai haske. Ki ɗauki hoto tsayayye maimakon fassarar nan da ke rawa a kan allo. Ki zaɓi harshen da hannunki, kada ki bar wayar ta yi hasashe. Ki fassara layi ɗaya-ɗaya. Kowace lamba ki koma ki karanta ta da idonki a kan takardar.

Ga misalin da ya sa muke nanata wannan. Paracetamol na yara ana lissafa shi da nauyi, kusan miligiram 15 ga kowane kilo, duk bayan awa 4 zuwa 6, kada ya wuce sau huɗu a awa 24. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 150. Amma na ruwan yana zuwa da ƙarfi fiye da ɗaya. Mai 120 mg a cikin 5 ml, yaron zai sha kamar 6 ml. Mai 250 mg a cikin 5 ml, 3 ml ne kawai. Wadda ta saba da kwalbar farko ta auna haka daga ta biyu ta ba shi ninki biyu, in aka yi kwanaki ana haka hanta ce ke ji a jikinta. A auna da sirinjin baki ko ɗan kofin da ya zo da maganin, domin cokalin gida ba shi da ma'auni tsayayye. Kuma acetaminophen shi ne paracetamol, sunansa ne a Amurka. Maganin mura da yawa na ɗauke da shi, sai a haɗa biyu ba a sani ba.

Abin da ya fi duka shi ne tun a wurin karɓar magani ki ce wa mai bayarwa ya rubuta miki a jikin kwali: nawa, sau nawa, kwana nawa. Sai ki maimaita masa da bakinki ya ji ko kin ɗauka daidai.

Tambaya: Ina jinyar mahaifina, magungunansa sun kai shida. Ina so in koyi harshen takardun nan da kaina. Ta ina zan fara? Daga wani matashi.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka. Ba sai ka koyi harshen gaba ɗaya ba. Kalmomin da ke maimaituwa a kwali ba su da yawa, kuma kwalayen Baba su ne littafinka.

Fara da gajerun haruffan takardar likita, waɗanda asalinsu Latin ne. Bd ko bid sau biyu a rana, tds ko tid sau uku, qds ko qid sau huɗu, nocte da dare, prn in buƙata ta taso, stat yanzu-yanzu sau ɗaya. Od sau ɗaya a rana ne, amma a takardar likitan ido yana iya nufin idon dama, don haka a tambaya. Daga nan sai kalmomin hani, su za ka fi ba ƙarfi: do not, avoid, contraindicated, external use only, a Faransanci kuma ne pas da contre-indiqué. Sai na lokaci: daily da weekly, ko par jour da par semaine. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Methotrexate da ake ba masu ciwon gaɓɓai sau ɗaya a mako ake shansa, kuma an yi asarar rayuka saboda an sha shi kullum.

Ka kuma koyi sunan asali na kowane magani, wanda ke ƙarƙashin sunan kamfani da ƙananan haruffa. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke tsara waɗannan sunaye, ƙarshensu kuma na nuna dangi. Masu ƙarewa da pril, sartan ko olol na hawan jini da zuciya ne, statin na rage kitsen jini, prazole na rage tsamin ciki, cillin dangin penicillin ne. In ka ga biyu masu ƙarshe ɗaya a jakar Baba, wataƙila asibitoci biyu sun rubuta abu ɗaya da suna daban, sai ka nuna wa likita.

Hanyar hadda: yanka kwali ƙanana, a gaba ka rubuta jimlar yadda take a takarda, a baya ka rubuta aikin da za ka yi da Hausa. Kalma biyar a rana ta isa. Ka bita washegari, sai bayan kwana 3, kwana 7, kwana 14, sai wata guda. Wadda ka manta ta koma farkon layi. Ka riƙa ƙoƙarin tunowa kafin ka juya katin, don tunowar ce ke kafa kalma a kai. Manhajar Anki na tsara wannan bitar da kanta in ka fi son waya.

In ka iso sashen illoli a takarda kada gabanka ya faɗi. Kalmomin da ke wurin suna da ma'auni. Very common na nufin mutum ɗaya cikin 10 ko fiye, common ɗaya cikin 100 zuwa ɗaya cikin 10, uncommon ɗaya cikin 1,000 zuwa ɗaya cikin 100, rare ɗaya cikin 10,000 zuwa ɗaya cikin 1,000, very rare ƙasa da haka.

Tambaya: Matata ta sha wani magani jikinta ya yi ƙuraje. Ta daina, sun baje. Akwai amfanin kai rahoto tunda ta warke? Ba mu ma da tabbacin maganin ne.

Amsa: Akwai, Malam, kuma ba a neman tabbaci daga gare ku. Zato ya isa. Masu tantancewa ne za su haɗa naku da na wasu. Rahotannin ƙasashe na taruwa a rumbun VigiBase da ke Uppsala a Suwidin, mai ɗauke da rahoto sama da miliyan 30, a nan ake hango illar da gwajin mutum dubu uku bai gani ba.

Abu huɗu ne rahoto ba ya tsayawa sai da su: mara lafiyar, ko da shekaru da jinsi ne kawai, sunan maganin, abin da ya faru, da wanda ya kawo rahoton. Zai fi ƙarfi in aka ƙara lambar zubi, ranar farawa, ranar da ƙurajen suka fito, ranar dainawa, sauran magungunan da take sha har da na gargajiya, da hoton kwali da na fatar. Ana iya bayarwa ta hannun likita ko mai harhaɗa magani, ta fom ɗin da ke shafin hukumar ƙasa, ko ta manhajar Med Safety a ƙasashen da ke amfani da ita. In ka ga baƙin alwatika mai kallon ƙasa a takardar magani daga Turai, alama ce cewa ana ƙara sa ido a kansa, an fi buƙatar rahotonsa.

Kada ta sake gwada maganin don ta tabbatar, karo na biyu yakan fi muni. Ta rubuta sunansa na asali ta riƙa faɗa a duk asibitin da ta je. Wasu alamu kuma ba sa jiran cike fom: kumburin leɓe, harshe ko fuska, shaƙewar numfashi, ko ƙuraje masu zuwa da zazzaɓi, jan ido, gyambo a baki da saluɓewar fata. Wannan na ƙarshe an san co-trimoxazole, carbamazepine, allopurinol da nevirapine da jawo shi, yawanci a makonnin farko na sha. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya nufi asibiti a take da kwalin a hannu. Ƙaramar illa kuwa, in maganin na hawan jini ne, farfaɗiya, tarin fuka ko HIV, kada a yanke shi da ka, a fara magana da likita ya canja wani.